Barnamij ɗin da Ya Ɓata a Ofishin Rajista

Yasir da Amina, na san irin labarin da kuka tashi kuna ji a kan yadda na bar aikin gwamnati. Baffanku Sale yakan ce na lalata wa mutane kwamfuta ne don ban iya aikin ba, matan unguwa kuma suka ce siyasa na shiga aka kore ni. Ban taɓa musa wa kowa ba. Da farko tsoro ne ya rufe mini baki, daga baya shirun ya zame mini jiki. Yanzu idona ya fara rauni, hannuna yana rawa idan na daɗe riƙe da biro, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku abin da ya faru a shekarar nan tun ina iya tuna shi daki-daki.

A lokacin muna unguwar Dar Salam ta gefen Omdurman, a gidan ƙasar nan mai ɗaki biyu da rumfa a tsakar gida. Yasir kana da shekara biyu, Amina kina ciki wata huɗu. Babanku yana walda a wani gareji a Alshajara, ni kuma ina ofishin rajista na wata kwalejin gwamnati a Khartoum, wadda ba zan ambaci sunanta ba don har yanzu akwai masu rai da abin ya shafa. Tare muke fita bayan sallar asuba, mu hau hafila, wato bas, zuwa kasuwar Omdurman, mu sake wata ta tsallakar da mu gada, sannan mu rabu. Kakanku, wato Baba mahaifina, yana zaune tare da mu. Ya yi ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a Jazira, ya yi girmansa yana ƙona bulo a Aljirif, har hayaƙin ya cinye masa ƙirji muka ɗauko shi. Shi da maƙwabciyarmu Hajja Sa'adiyya suke riƙe mini Yasir har in dawo. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake kirana. Yana alfahari da karatuna, amma bai taɓa sakin jiki da aikina ba, domin shi a wurinsa duk ofishin da ake rubuta sunan mutum da garin da aka haifi ubansa wuri ne da ya kamata Bahaushe ya wuce da sauri.

Mu uku ne a ɗakin kwamfuta, ɗaki ɗaya tilo mai na'urar sanyaya wuri a duk ginin. Shugabana Ustaz Mubarak ne, mutumin arewacin ƙasar, dogo, mai magana a hankali. Shi ya ɗauke ni aiki bayan wani a kwamitin ya tambaya a gaban idona ko Fallata, kamar yadda suke kiran irinmu Hausawa, su ma sun fara karanta kwamfuta. Ban manta masa wannan ba. Na ukunmu Usman ne, wanda aka turo mana a farkon shekarar aka ce jami'in hulɗa ne. Ba wanda ya san da wa yake hulɗar. Kujerarsa tana bakin ƙofa, kullum da jarida a hannunsa wadda ba ya juya shafinta, kuma an ba shi makullin ɗakin. Tun zuwansa hirarmu ta koma ta zafin rana da cunkoson gada. Ko wake muke ci da hantsi, kowa kwanonsa yake kallo.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Sunayen ɗalibai da sakamakonsu da adireshin gidajensu duk suna cikin rumbun bayanai a babbar kwamfuta. Rumbun ya iya ajiya, ya iya tsara abu, amma bai iya buga katin ɗalibi mai hoto da rubutun Larabci ba. Saboda haka muka rubuta masa wani ɗan umarni namu na kanmu, wanda a ofis muke kira dalla. Idan ma'aikaci ya zaɓi sunan ɗalibi, dallar za ta fita daga rumbun ta kira wani barnamij dabam, wato manhajar kwamfuta, da ke ajiye a wata folda, ta miƙa masa bayanan, shi kuma ya buga katin. A cikin dallar an rubuta adireshin foldar harafi-harafi. Ni na rubuta ta da hannuna, kuma shekara biyu tana aiki ba ta taɓa ba mu matsala ba. Ku sani katin nan ba abin ado ba ne. A shekarun nan sojoji sukan tare hafila a hanya su sauke samari, duk wanda ba shi da katin ɗalibi mai aiki a jefa shi a babbar mota zuwa sansani, daga can kuma sai yaƙin kudu.

Wata Asabar, farkon mako a lokacin, na iso na tarar da layin ɗalibai ya kai har bishiyar dalbejiya ta bakin gini. Sabuwar shekarar karatu ce, katin kowa ya kusa ƙarewa. Ma'aikacin taga ya ce mini tun safe ba kati ɗaya da ya fito. Na zauna na gwada da kaina. Rumbun ya yi ɗan jim, sai ya rubuto layi ɗaya: ba a sami barnamij ɗin da aka kira ba. Ban damu ba da farko. Na kashe kwamfutar na kunna, na sake gwadawa, amsar ita ce dai. Na duba wani ɗan aiki na cikin kwamfutar da ke ɗaukar kira daga rumbu zuwa waje, na ga yana nan a tsaye lafiya. Na nemo foldar a jerin foldoji, na shiga, ga barnamij ɗin a zaune, girmansa bai canza ba. Na kira shi da hannu daga can ciki, ya buga kati tas. Na koma ta rumbu, ya ce ba a same shi ba. Abu ina kallonsa da idona, kwamfuta tana rantsuwa babu shi.

Ustaz Mubarak ya zo ya tsaya a bayana, hannuwansa a baya. Da Larabci muke magana a ofis, amma ga abin da ya ce.

"Ya Ustaza Halima, wataƙila izini ne. Rumbun da sunansa yake shiga, ba da naki ba. Duba izinin fayil ɗin."

"Na duba, Ustaz. Yana da izini."

"To ki sake dubawa. A hankali. Ba gaggawa."

Ba gaggawa, alhali yara sun fi ɗari a rana. Na ɗaga kai na kalle shi, amma ya riga ya juya. Usman kuma ya sauke jaridarsa yana kallonmu duka biyu.

Kwana biyu na yi ina bin abin. Na bi izinin kowace folda tun daga tushe. Na karanta fayil ɗin saiti layi-layi, ko wani ya canza jerin wuraren da aka yarda rumbun ya kira abu daga cikinsu. Na goge dallar na sake girka ta. Ba kamfanin da za mu kira ya taimaka, domin takunkumin da aka sa wa ƙasar ya hana su ko amsa mana wasiƙa, littafin da muke da shi ma hoton wani ne aka ɗauko, rabin shafukan sun dushe. Abin da ya fi damuna shi ne Ustaz Mubarak, mutumin da ya koya mini rabin abin da na sani, bai zauna gaban allon ko sau ɗaya ba. Kullum yana da taro, ko ciwon kai. Mudir, shugaban kwalejin, ya aiko sau uku yana tambaya. Ranar Lahadi da azahar Usman ya jawo kujerarsa kusa da tawa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ustaza, ke kika rubuta wannan abin, ko?"

"Ni ce."

"Kuma ke kaɗai kika san cikinsa."

"Ustaz Mubarak ma ya sani."

"Tamam," in ji shi, ya rubuta wani abu a gefen jaridar.

Ranar Litinin idona ya gaji da koren rubutun allo, sai na ce bari in buga komai a takarda. Na buga dallar, na buga jerin foldojin, na shimfiɗa takardun biyu a tebur ina bi da biro. Tsohuwar firintarmu tana da wata al'ada: idan ta buga sifiri sai ta ja masa layi a tsakiya don a bambanta shi da harafin O. A kan allo kuwa su biyun kusan ɗaya ne. A takardar dallar, sunan foldar yana da O. A takardar jerin, a daidai wurin, ga sifiri da layinsa a tsakiya. Wani ya sake wa foldar suna, ya cire harafi ɗaya ya sa lamba. Ni kuma kullum daga jeri nake zaɓar ta, ban taɓa rubuta sunan da hannu ba, shi ya sa nake shiga lafiya, rumbun kuwa yana zuwa adireshin da babu kowa. Irin wannan ba ya faruwa don wuta ta ɗauke. Hannu ne ya yi shi, hannun wanda ya san yadda allonmu yake nuna haruffa.

Na ninke takardun na tura cikin jakata kafin kowa ya gani. Da Usman ya fita sallah na buɗe tarihin umarni, inda kwamfuta take ajiye abin da kowa ya sa ta, da sunansa da lokaci. An yi canjin ranar Alhamis da ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna. Da sunana aka shiga. Ni kuwa ranar Alhamis tun sha ɗaya da rabi na fita, ina asibitin Omdurman a layin awon ciki, katin awon ma yana jakata da kwanan wata da sa hannun unguwarzoma. Kalmar sirrina tana rubuce a cikin ambulan a durowar Ustaz Mubarak, kamar yadda dokar ofis ta ce. Makullin durowar yana wurinsa. Makullin ɗakin yana wurin Usman, kuma durowar irin wadda cokali ma zai iya buɗewa ce. 

Da na sake duba foldar da sabon ido, sai na lura da wani barnamij na biyu da ban san da shi ba, mai suna na lambobi kawai. Na bincika rumbun na sami dallar da ke kiransa. Ba ni na rubuta ta ba, amma na gane salon rubutun, domin Ustaz Mubarak yana da yadda yake jera layukansa. An girka ta wata biyu bayan zuwan Usman. Aikinta shi ne ta tattara sunan duk ɗalibi namiji da ya faɗi jarrabawa ko ya daina zuwa, wato wanda kariyar katinsa ta faɗi, da unguwarsa da lambar gidansa da sunan ubansa, ta miƙa wa barnamij ɗin ya zuba su a faifai. Sakamakon jarrabawa ya fito ranar Larabar da ta wuce. Da foldar tana da sunanta na gaskiya, da faifan ya fita zuwa hannun masu kwasar samari tun Asabar.

A hafila ranar nan ban ga hanya ba. Ina ta juya abin. Ko Ustaz Mubarak ne, an tilasta masa rubuta dallar, zuciyarsa ta ƙi, ya karya ta, ya fake da sunana? Ko Usman ne yake gwada ni, ya ga ko zan kai rahoto? Ko su biyun sun haɗa baki ne don a sami dalilin fitar da ni a kawo wani nasu? Kowace amsa na ɗauka sai ta yi kama da gaskiya. Bayan la'asar, muna zaune a rumfa, na faɗa wa Baba da babanku komai, da murya ƙasa-ƙasa, domin katangar tsakaninmu da maƙwabta ba ta kai kafaɗa ba.

Baba ya yi tari ya daɗe, sannan ya ce, "Uwata, gobe ki mayar musu da harafinsu. Ki kira mai jaridar ki nuna masa takardar asibiti. Ba ɗanki a cikin jerin nan."

Na ce, "Baba, 'ya'yan mutane ne."

"Ke ma 'yar mutane ce. Shekara nawa na yi ina bin takardar jinsiyarku, shaidar ku 'yan ƙasa ne? Shaidu huɗu na kai, aka ce kakana daga ina ya zo. In suka tashi, ba aikin kaɗai za su karɓa ba."

Babanku ya bari sai da Baba ya shiga alwala. Yana murza tabon walda a bayan hannunsa ya ce, "Ni ban yarda da Mubarak ɗin nan ba. Mai son ya yi alheri da sunansa yake yi. Amma ke kika ga abin da idonki, ni ban gani ba. Duk wanda kika zaɓa, tare za mu ɗauka."

Akwai abin da ban faɗa musu ba don duk sun sani. Wata biyar kafin nan an kawo wa Hajja Sa'adiyya labarin mutuwar ɗanta na fari a yaƙin kudu. A hafila aka sauke shi yana hanyar zuwa aikin gini. Mutanen da suka kawo labarin sun zo da buhun sukari da lasifika, suka kafa rumfa a ƙofar gidanta, suka ce kada ta yi kuka, bikin ɗanta ake yi a aljanna, ta yi guɗa. Ina riƙe da hannunta lokacin da ta buɗe baki ta yi guɗar. Har yau ban sake jin sauti irin wannan ba. Matar nan ita ce take goya Yasir kullum in na fita.

Washegari na shiga ofis da shawarata. Na buɗe sabuwar folda, na kwafe barnamij ɗin kati shi kaɗai na sa a ciki, na gyara adireshin a dallata. Aikin minti goma ne. Kafin hantsi firinta ta fara kuka, katuna suna fita, yaran waje suka yi ta tafi. Tsohuwar foldar da sifirinta ban taɓa ta ba. Ustaz Mubarak ya zo ya karanta sabuwar dallar a kan allo, ya daɗe yana kallon layin adireshin. Na san ya gane na gano. Ya san na san. Ya ce kawai, "Allah ya yi albarka, Ustaza," ya koma teburinsa. Na jira ya kira ni gefe ko da a bakin mai shayi ne ya faɗa mini kalma ɗaya. Bai yi ba, ranar nan ko bayanta.

Usman ya bari sai da aka tashi, ya tare ni a ƙofa.

"Mabruk, katuna sun fito. Amma akwai wani rahoto da nake karɓa, har yanzu yana cewa ba a sami barnamij ba."

"Wane rahoto, Ustaz Usman? Ni dallar kati na sani."

"Ki duba shi gobe."

"Zan duba."

Na yi kwana goma sha tara ina dubawa. Ban taɓa yin ƙarya mai tsawo haka ba a rayuwata. Kullum sai in buɗe littafin nan mai dusassun shafuka, in sake bin izini, in sake karanta saiti, in rubuta wa mudir cewa ana kan bincike. Na ce wataƙila faifan ciki ne ya sami tabo. Na ce wataƙila barnamij ɗin bai dace da sabon saiti ba. A hanya na fara ganin fuska ɗaya a hafila biyu. Wani mutum ya je garejin babanku ya tambayi kuɗin ƙofar ƙarfe, ya ɓuge da tambayar inda matarsa take aiki. Ko mai shayin bakin ofis da ta tambaye ni lafiyar cikina sai da na yi tunanin wa ya aiko ta. Wataƙila rabin abin da na gani tsoro ne kawai ya zana mini, amma a lokacin ba ni da hanyar rarrabewa.

A rana ta ashirin suka kawo wani injiniya daga waje, saurayi mai fararen takalma. Bai yi awa biyu ba ya ga sifirin, domin shi rubuta sunan foldar ya yi da hannu, kwamfuta ta ce babu. Daga nan ya buɗe tarihin umarni. Kafin azahar faifan Usman ya fita. Kafin la'asar an rubuta rahoto cewa da sunan Halima aka canza foldar, kuma ita ta kewaye matsalar a dallarta ta ɓoye sanadin. Na ga rahoton a teburin mudir. Sa hannun Ustaz Mubarak yana ƙasa, a tsaye, ba ko rawa.

Washegari da safe wata mota ta kai ni wani gida da ba shi da allo a ƙofa. Aka ajiye ni a benci daga ƙarfe takwas har rana ta take, ba ruwa. Sannan wani mai farar jallabiya ya kira ni ciki. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya fara da kakana, daga ina ya zo, a wace shekara, me ya hana shi komawa bayan hajji. Ya juya takardar jinsiyata gaba da baya kamar mai duba jabun kuɗi. Daga ƙarshe ya zo kan maganar.

"Ranar Alhamis ɗin nan da ƙarfe ɗaya, kina ina?"

Jakata tana kan cinyata, katin awon yana cikin aljihunta na gefe, ina jin kaurinsa ta cikin fata. In na fito da shi, tambaya ta gaba ita ce wa ke da kalmar sirrina, kuma amsar ɗaya ce. Na san abin da ake yi wa maza a irin gidajen nan. Na tuna sa hannunsa a rahoton, raina ya ce fito da shi. Na kuma tuna cewa, ko mene ne dalilinsa, ya karya abin da ya kamata a karya. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba: akwai kuma lissafin cewa katin ba zai wanke ni daga kwana goma sha tara ba, kuma mace mai ciki wadda ta yi kuskure ta ji kunyar faɗa ta fi sauƙin saki a kan mutum biyu da suka haɗa baki.

Na ce, "Ina ofis. Ina share tsofaffin fayiloli, ina jin hannuna ne ya kuskure. Da na gano sai na ji tsoron faɗa."

Ya kalle ni. Bai yarda ba, na gani a idonsa. Amma ya kalli cikina, ya kalli agogo, ya tura mini takarda na sa hannu cewa ba zan sake taɓa kwamfutar gwamnati ba. Jinsiyata ya riƙe, sai bayan shekara uku na kai-komon da Baba ya rasu bai ga ƙarshensa ba aka mayar mini. Takardar sallama ta biyo ni gida cikin mako, an rubuta don maslahar jama'a. Baba ya sa na karanta masa ita sau biyu. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya ce in ɗebo masa ruwa, da na kawo ya riƙe hannuna tare da kofin, ya daɗe bai saki ba.

Sauran kun san shi, a cikinsa kuka girma: teburin buga takardu a kasuwar Dar Salam, wasiƙun neman aiki da na rubuta wa mutane, darasin lissafi ga 'yan mata a rumfa. Na nemi aiki a kamfanoni uku, kowanne ya yi murna da ni a ranar farko, ya daina amsa sallamata a mako na biyu.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka na kai wa babanku abinci a Alshajara wata rana da azahar, sai na tarar da wani tsoho a zaune a kan benci yana jira a gyara masa injin ruwa. Ustaz Mubarak ne, ya rame, gashinsa ya yi fari fat. Babanku bai taɓa ganin fuskarsa ba, bai san wa ya zaunar ba. Muka gaisa kamar waɗanda suka rabu jiya. Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ƙarar injin yankan ƙarfe ta rufe mu, na yi masa tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita.

"Ustaz, kai ne?"

"Ni ne."

"Saboda yaran?"

Ya sunkuyar da kai. "Saboda yaro ɗaya, ya Halima. Ɗan ƙanwata ya faɗi jarrabawa, sunansa yana ciki. In na cire shi kaɗai za a gane. Mako ɗaya nake nema a fitar da shi daga ƙasar ta iyakar Halfa. Ya tsallaka ranar Larabar farko."

"Ranar Larabar farko," na maimaita. "Ni kuma na ci gaba har kusan mako uku bayan nan, kana kallona."

"Na san kina asibiti ranar Alhamis, shi ya sa na ɗauki sunanki. Na ɗauka za ki nuna musu katin, su rasa wanda za su kama, abin ya mutu. Wallahi ban zaci za ki yi shiru ba."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa. Mutum mai kaifin kai irinsa ya san tambayar da za ta biyo bayan katin. Wataƙila ya san halina ne fiye da yadda na san kaina, ya jingina a kai. Ya roƙe ni gafara, na ce masa abin da ya shafe ni na yafe, abin da ya shafi Baba kuwa sai su haɗu a can. Na tambaye shi ko cikin sauran yaran akwai wanda ya amfana da jinkirin, ya ce bai sani ba, ba wanda ya bi sawu. Sai na tambayi sunan ɗan ƙanwar tasa. Ya ce Haisam, yana haɗa magunguna a wata ƙasa, yana da 'ya'ya mata uku.

Shi kaɗai ne na tabbata ya tsira a duk abin nan, kuma ban taɓa ganin fuskarsa ba. Na yi kwanaki ina jin haushin yaron da bai san ina duniya ba, har na ga haushin zai cinye ni, sai na juya shi wata hanya. In kun taɓa jin ina ambaton wani Haisam bayan sallah, a tsakanin sunayenku, kuka kalli juna kuna tunanin ko wani ɗan'uwa ne da aka ɓoye muku, to shi ne.